Da Sunan Ebbe a Kai

A kamfanin da Ditte take aiki, can saman wani tsohon sito a bakin tashar jiragen ruwa ta Aarhus, akwai doka guda da ko mai kamfanin bai isa ya tsallake ba. Ba wanda yake shigar da aikinsa cikin shafi da hannunsa. In ka gama rubuta abinka, sai ka tura wa wani ya duba. In ya ga aibu ya rubuta maka a gefe da ja, ya dawo maka da kayanka ka gyara. In bai ga komai ba ya danna kore, aiki ya wuce. Shafukan intanet suke ginawa, na sayar da tikiti da na kantuna da na ƙananan hukumomi, kuma duk wanda ya daɗe a sana'ar zai gaya maka a jan rubutun nan ake koyon aiki, ba a jami'a ba.

Ita ma Ditte a nan ta koya, a hannun Ebbe. Lokacin da ta zo, kai cike da karatu hannu babu komai, shi ne yake duba mata. Ja kuwa ta sha shi har ta gode Allah. Akwai ranar da gyaransa ya fi aikin nata tsawo, ta shige banɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska ta dawo, ta tarar ya ajiye mata kofi a tebur, ya kuma ƙara mata wasu gyare-gyaren da ya tuno tana can. Haka Ebbe yake. Dogo ne mai furfura, ya doshi sittin, kullum cikin rigar sanyi ruwan toka wadda gwiwar hannunta ta fara lalacewa. Tana ce masa Tsoho, shi kuma yana ce mata Malama tun ranar da ta fara kama shi da kuskure.

To, sana'ar nan ba ta da kunya ko kaɗan. Abin da ka ƙware a kai bana, baɗi sai ka ji yara suna yi masa dariya a wajen cin abinci. A zamanin da Ebbe ya yi tashe, a can babbar na'urar kamfani ake haɗa shafi tsaf, a aiko wa mutum da shi kammalalle. Sai aka wayi gari wai wannan ya zama tsohon yayi. Yanzu gutsattsari ake yi, maɓalli daban, jerin farashi daban, kalanda daban, kowanne yana riƙe da abin da ya sani, su haɗu a cikin wayar mutum su yi ta gaya wa juna abin da ya canza. Vibeke, shugabar sashensu, ta tara su ta ce daga yau duk sabon aiki da sabon salon za a yi shi. Matasa suka hau murna. Ebbe ya ce shi ya ga irin wannan salon da yawa sun zo da ganga sun tafi shiru, wannan ma da shi za a yi jana'izarsa.

Aikinsa na farko da sabon salon a teburin Ditte ya faɗo. Kalandar zaɓen ranar tafiya ce ta wani kamfanin jiragen fito da ke kai mutane ƙananan tsibirai. Ta buɗe ta karanta. Abin yana aiki kam, amma tsohon tunani ne aka zuba cikin sabbin kaya. Duk sanda mutum ya taɓa wata rana, sai kalandar ta rushe kanta ta sake ginuwa, ta koma ta tambayo farashin wata guda tun daga farko. A kwamfutar ofis ba za ka lura ba. Amma mutumin da ke tsaye a bakin ruwa da wayarsa cikin iska, sai ya yi ta jira har jirgin ya tashi ya bar shi.

Ta fara rubuta masa gyara a gefe. Ta yi nisa, sai ta ɗaga kai ta hango shi can wajen taga yana yi wa mutane bayani, yana kaɗa hannu kamar yadda ya saba. Nan take ta ji ba za ta iya ba. Jan rubutun nan duk 'yan sashen suna iya gani. Waɗanda suke ce masa kaka a bayan ido za su karanta, su aika wa juna a ɓoye. Mutumin da ya koya mata riƙe aiki, ita ce za ta kwance masa zani a kasuwa? Ta goge duka. Ta shiga cikin aikin ta gyara da hannunta, ta danna kore.

Tsarinsu kuwa, da zarar an danna kore, na'ura takan dunƙule duk abin da aka yi a kan aiki ya zama abu guda, ta manna sunan wanda ya kawo shi. Sawun Ditte ya ɓace kenan. Saƙonnin da na'urar take turowa kuma, Ebbe ya daɗe da karkatar da su wani akwatin da ba ya buɗewa, kamar dai kowa a ofishin.

Washegari suka haɗu wajen injin kofi.

"Malama, ban ga ja ba ko ɗigo," ya ce. "Ko tawadar ce ta ƙare?"

"Ba abin gyara ne, Tsoho."

"Kai! Wannan ne dodon da ake ta tsorata mu da shi? Ashe dai tsohuwar miya ce aka sake wa tukunya."

Ta yi dariya, ta ce a ranta ai sau ɗaya ne, kafin hannunsa ya faɗa.

Hannu bai faɗa ba. Ina zai faɗa, alhali ba wanda ya nuna masa inda ya karkace? Ebbe kuma ba mai waiwaye ba ne. In aiki ya wuce, ya wuce, sai na gaba. Kuskuren da ya yi a kalanda shi ya maimaita a jerin kujeru, shi ya maimaita a shafin biyan kuɗi, har ya zame masa jiki. Ditte tun tana gyara 'yan layuka har ta koma sake rubuta rabin aikin. Don kada wani ya gani, sai ta ce a riƙa turo mata duk abin da ya fito daga hannunsa, wai ita ta saba da rubutunsa. Ba wanda ya yi musu. Duba aikin wani ai ba abin da ake rububinsa ba ne.

Suna da wata al'ada a ofishin. Duk wanda ya kwafsa, aikinsa ya karya shafi ko ya jawo abokan ciniki suka bugo waya da faɗa, washegari zai zo da kek ya ajiye a kicin. Kowa ya yanka ya ci, a yi masa tsiya son rai, magana ta mutu a nan. Troels, wani ƙaton mutum mai gemu wanda ya fi kowa iya sabon salon kuma ya fi kowa garaje, har mai gidan burodin ƙasan bene ya san irin wanda yake saye. Shi kuwa Ebbe aka kusa shekara bai kawo ko gutsure ba.

"Ku ci, ku ci, yarana," yakan ce in ya ga Troels ya shigo da kwali. "Ni da za ku jira nawa, da yunwa ta kashe ku."

Ditte takan yi murmushi ta sunkuyar da kai.

Da kaka ta yi, Vibeke ta samo wa tsofaffin hannu gurbin wani kwas a Kopenhagen, inda za a zaunar da su a koya musu sabon salon tun daga tushe. A taron safe ta karanto sunaye, har da na Ebbe. Ya ɗaga hannu.

"Cire ni, Vibeke. Ba wa mai bukata."

"Ka tabbata?"

"Tambayi Malama. Rabon da ta sa mini ja tun yaushe?"

Duk aka juyo ana kallon Ditte. Ga dama ta samu a sama, ko da cewa ne ya je ai ba a rasa abin ƙaruwa. Amma idanu sun yi mata yawa, shi kuma yana kallonta da fara'ar nan ta wanda ya yarda da kai ɗari bisa ɗari.

"An daɗe," ta ce.

Vibeke ta soke sunansa, aka wuce magana ta gaba.

Ba a jima ba wata rana suna cin abincin rana su biyu, baƙin burodi da kifi, ruwa yana dukan taga, ya ce mata wani tsohon abokinsa ya neme shi. Ɗakunan karatu na wani yanki suna da tsohon shafi mai girman gaske, an gina shi da salon da Ebbe ya sani kamar tafin hannunsa, kuma ba su da niyyar taɓa shi nan kusa. Mutum suke nema da zai riƙe musu shi har ya yi ritaya.

"To ka karɓa mana," ta ce da sauri, har ta ji muryarta ta yi sama.

"Korata kike yi?" Ya yi dariya, sai kuma ya ajiye wuƙa ya rage murya. "Bari in gaya miki gaskiya. Da bara ne, da gudu zan karɓa. Ranar da Vibeke ta ce an canza salo, na koma gida na ce wa matata Bodil tawa ta ƙare. Ina ta cika baki ne a gabanku, amma cikina ya ɗuri ruwa. Sai ga shi na gwada, abu ya yi ta wucewa. Ke kuma na san ba kya ɗaga wa kowa ƙafa, ni na rene ki. Sai na ce ashe da saurana. Na ce wa mutumin ya nemi wani, ni ban kai gadin kayan tarihi ba tukuna."

Allah sarki. Da ya san abin da maganar nan ta yi mata, da bai faɗa ba. Ta ce kifin ya yi gishiri, ta tashi ta ɗebo ruwa.

A lokacin tana da ciki, kuma hutun haihuwa yana ta matsowa. Wannan shi ne abin da ya hana ta sakat. In ta tafi, wani ne zai karɓi aikin Ebbe, kuma ranar farko asiri zai tonu. Ta gaya wa mijinta Joakim wata yamma yana yanka albasa, ya saurare ta har ta gama.

"Ke kam kin iya haɗa wa kanki aiki," ya ce. "Gaya masa gobe."

"In ce masa me? Shekara guda ina yi maka ƙarya?"

"E mana. Ai ita kika yi."

"Ba ka san shi ba ne, Joakim. Zai karye."

"To in kin tafi fa, ba zai karye ba?"

Ta ce za ta gaya masa. Da gaske kuma take. Sai dai kullum akwai dalili. Yau yana cikin farin ciki, bai kamata a ɓata masa ba. Gobe yana fama da mura. Jibi ana sauri a gama aikin wani kanti. Haka aka yi ta yi har ranarta ta ƙarshe ta zo. Ta yi ta maza ta nufi teburinsa, ta shirya maganar tun a kan hanya. Tana isa ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin tebur, 'yar hula da safa na jariri, Bodil ce ta saƙa da hannunta.

"Ta ce in kai ya fi hular girma, laifin ubansa ne."

Ditte ta riƙe hular tana jujjuyawa. Abin da ya iya fitowa daga bakinta shi ne, "Troels ne zai riƙa duba maka aiki. Yana da tsanani fa."

"Ya zo. Ni zan tsorata da mai sayen kek duk mako?"

Ta rungume shi, ta ɗauki jakarta ta sauka. A bene ta tsaya kamar za ta koma, sai wani ya biyo ta yana yi mata fatan sauka lafiya, suka fita tare.

Ta haifi mace, suka sa mata Ragna. Watannin farko ba ta san inda kanta yake ba, daga shayarwa sai wanki sai barcin da ba ya isa. Labarin ofis a guruf ɗinsu na waya take gani. Ba a daɗe ba sai ga hoton kek, an rubuta a ƙasa wai yau tarihi ya kafu, Ebbe ya kawo. Aka yi ta barkwanci, shi ma yana ciki yana mayar da martani. Bayan ɗan lokaci sai ga wani hoton. Sai wani. A na bayan nan tsiyar ta ragu, mutum biyu ne kawai suka tanka. Daga nan ba a sake sa hoto ba, Ditte kuwa ta san ba kek ɗin ne ya daina zuwa ba.

Wata rana da hantsi Troels ya bugo mata. Bayan gaisuwa da tambayar jaririya ya shiga maganar da ta sa ya kira.

"Ditte, don Allah in tambaye ki. Me ya samu Ebbe ne? Na duba aikinsa na bara, tsaf-tsaf, ni kaina ban isa in rubuta wanda ya fi shi ba. Amma abin da yake kawo mini yanzu, sai ka ce ba mutum ɗaya ba. Na rubuta masa gyara, ya gyara nan ya ɓata can. Har kunyar dawo masa da aiki nake ji. Ke da kika daɗe da shi, haka yake yi miki?"

Ragna tana barci lafiya lau a kafaɗarta. Ditte ta kalli bango.

"Ban sani ba," ta ce. "Ka ga, yarinya ta tashi, zan kira ka."

Ba ta kira ba. Sau da yawa takan fara rubuta wa Ebbe saƙo da hannu ɗaya, ta goge. Ta ce maganar ba ta waya ba ce, sai ido da ido. Ido da ido kuma sai yarinya ta ɗan yi ƙwari. Tana cikin wannan jan ƙafar saƙon Vibeke ya shigo wa kowa da kowa, cewa Ebbe ya ajiye aiki bisa raɗin kansa, ya kuma roƙi kada a yi masa taron ban kwana.

A ƙarshe shi ne ya zo. Wata ranar bazara ce da rana, an samu hasken da aka daɗe ana jira. Ragna tana barci cikin kekenta na jarirai a tsakar gida ƙarƙashin tagar kicin, an lulluɓe ta, kamar yadda aka saba yi wa jarirai a ƙasar. Ditte ta ji ƙararrawa, ta buɗe ta gan shi tsaye da ledar burodi mai kirfa. Ya rame, rigar sanyin ta yi masa yawa, kuma ya yi aski da kyau irin na mai zuwa asibiti.

"Malama."

"Tsoho. Shigo mana. Ina ka ajiye motar?"

"A bas na zo."

Ya leƙa ta taga ya kalli jaririyar, ya ce hancin na Joakim ne, Allah ya ba ta haƙuri. Ditte ta ɗora kofi. Suka zauna, ya yi ta juya kofinsa a kan tebur bai sha ba.

"Ban gaya wa kowa a ofis ba," ya ce. "Amma ke ya kamata ki sani, kada ki ji a bakin wani. Ba ni da lafiya, Ditte. Kaina ne."

Ta ajiye kofinta.

"Da Troels ya fara cika ni da ja, na ɗauka iyayi ne irin nasa. Sai na ce bari in buɗe kalandar jiragen fiton nan in ga yadda na yi ta, in nuna masa. Na buɗe. Ga sunana a kai, ga kwanan wata. Na karanta daga sama har ƙasa." Ya ɗaga kai ya kalle ta. "Ban tuna na rubuta ba. Wannan ma da sauƙi, mutum yakan manta. Amma akwai wuraren da na kasa ganewa sam. Aikina, da hannuna, na zauna ina kallonsa kamar wasiƙar da aka rubuta da wani yare. Na buɗe wani, haka. Na buɗe wani, haka. Na tashi na shiga banɗaki na kulle ƙofa."

"Ebbe…"

"Bari in gama, in na tsaya ba zan iya ci gaba ba. Mahaifiyata da haka ta fara. Ta ɗauko rigar da ta saƙa da kanta, ta ce wa ya yi wannan aiki mai kyau haka. Kafin shekara uku ba ta gane ni. Na je wajen likita. Sun sa ni zana agogo, sun ba ni kalmomi in riƙe, sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Wai ba su ga komai ba, amma in dawo nan gaba, don a farko-farko ciwon mantuwa yakan ɓuya. Ni kuwa me zan jira? Na ga shaida da idona. Na daina tuƙi. Na ce wa 'yata ta daina bar mini jikana ni kaɗai, kada wata rana in manta shi a bakin ruwa. Yaron yana ta tambaya me ya yi mini. Bodil ta fara neman ƙaramin gida kusa da asibiti. Takan shiga wanka ta saki ruwa ta yi kuka, ta ɗauka ba na ji." Ya yi wani guntun murmushi. "Shi ya sa na ajiye aikin. Gara in fita da ƙafata tun ana tuna na taɓa iyawa."

Ditte ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Duk tsawon watannin nan abin da take tsoro shi ne ya ji kunya, ko ya rasa aiki. Ko a mafarki ba ta kawo wannan ba.

"Ba kai ka rubuta ba," ta ce.

"Na'am?"

"Kalandar. Ba ka manta ba. Ni na rubuta wuraren da ka kasa ganewa. Ka kawo aiki da kurakurai, maimakon in dawo maka da shi sai na gyara da kaina na danna kore. Na'ura ta dunƙule, ta sa sunanka."

Ya kalle ta kamar mai jiran ta ce wasa take yi.

"Kalandar kaɗai?"

"Ita ce ta farko."

"Sauran fa?"

"Kusan duka, Ebbe. Tun daga ranar da aka canza salo har na tafi."

Agogon kicin yana ta bugawa. A waje wani ya wuce da kare. Ebbe ya cire tabarau ya ajiye, ya shafa fuskarsa da hannu biyu, ya daɗe a haka.

"Ranar da Vibeke ta kira sunana a kwas ɗin nan," ya ce ta cikin hannuwansa, "kin sani."

"Na sani."

"Da na ce miki na ƙi aikin ɗakin karatu."

"Na sani."

"Troels bai tambaye ki ba?"

"Ya tambaye ni. Na ce ban sani ba." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Zan je wajen Vibeke gobe, in gaya mata komai. Zan zauna da kai in koya maka, ba wuya, cikin wata biyu za ka…"

"Ki gaya mata me? Cewa shekara guda ina yawo da rigar aro ina yi wa mutane gori?" Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mata sauƙi. "An riga an ɗauki wani a kujerata. Na ɗakin karatun ma sun samu mutum tuni, na tambaya." Ya mayar da tabarau. "Me ya sa, Ditte?"

"Ban so su yi maka dariya."

"Ai sun yi. Daga baya ma suka daina, suka koma yi mini magana a hankali suna riƙe mini ƙofa. Wannan ya fi dariyar ciwo."

Ta ce ya yafe mata. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ta ga alama ma hankalinsa ya bar wajenta, yana can yana lissafa wani abu, idanunsa suna yawo a kan tebur. Can sai ya miƙe zumbur har kujera ta yi ƙara, ya laluba aljihu ya ciro waya.

"Bodil," ya ce, ba da ita yake ba. "Tana can za ta je ganin wani gida da yamma."

Ya fita ta ƙofar baya zuwa tsakar gida, ya tsaya ɗan nesa da keken jaririyar, ya juya wa taga baya. Tagar a buɗe take. Yana ƙoƙarin rage murya don kada ya tashi Ragna, amma muryar ta ƙi raguwa.

"Bodil? Kina ina? Zauna tukuna. A'a, a'a, ba abin tsoro ba ne, zauna dai. Kada ki je ganin gidan nan. Kaina lafiya lau. Na ce lafiya lau! Ban manta komai ba, Bodil. Ban taɓa iya aikin ba ne. Kin ji? Tun farko ban iya ba!"

Dariya yake yi, dariya ta gaske har da riƙe ciki, yana share ido da bayan hannu. Ditte tana jiyo muryar matar siririya daga cikin wayar, ba ta iya bambance kuka ne ko dariya.

"Ki kira 'yarmu ki ce ta kawo mini jikana ranar Asabar," ya ce. "Ni zan je in ɗauko shi ma. Da mota."

Yana maganar yana tafiya, ya bi ta gefen gida ya buɗe ƙaramar ƙofar shinge, ya fita titi da wayar manne a kunne. Ditte ta matsa jikin taga tana jira ya waiwayo, ko hannu ne ya ɗaga mata. Ya ja ƙofar a hankali don kada ta yi ƙara, ya nufi tashar bas.